Gargaɗi kan mai sayar da kwadon gidajen Seneca Village

Dala 480 na tura masa da hannuna, ba wanda ya tilasta mini, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Mutumin ya sa tallar wani tsohon kwado da makullinsa a intanet, yana cewa daga ƙofar ɗaya daga cikin gidajen Seneca Village aka ciro su, wato unguwar nan ta birnin New York da hukuma ta karɓe filayenta, aka tashi mazaunanta a 1857 domin a yi lambun Central Park.

Kada wani ya ce ban yi bincike ba, domin na daɗe ina karanta tarihin wurin. Na san a 1825 Andrew Williams, mai goge takalma, ya sayi fili a can, na kuma san mutanen unguwar sun kai kimanin 225, mafi yawansu baƙar fata, da coci uku da makaranta. Da na jarraba shi da tambayoyi, bai yi kuskure ko ɗaya ba, har ya ce kakan kakansa yana cikin leburorin da suka yi rusau ɗin. A kan wannan maganar na sakankance, kuma kullum ita nake juyawa a raina.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin dala 480 ɗin sai da na ba shi dala 120 kafin alƙalami, wai wani yana neman riga ni. Dala 600 ke nan cif. Bayan mako uku lambar bin sawun kayan ta ƙi aiki, ko da yake tun kafin nan ya daina amsa saƙo, sannan na ci karo da hoton kwadon nan, da tsatsarsa da komai, a wani shafi ana cewa na wani tsohon gidan yari ne. Abin kunyar shi ne na san an yi tono a Seneca Village a 2011, kuma abin da aka samu yana ajiye don nazari, ba a kai shi kasuwa ba, amma son mallaka ya rufe mini ido.

Hotunan hirarmu da shaidar biyan dala 600 suna wurina, zan sa su da zarar na goge bayanan asusuna. Duk wanda ya ga tallar nan, kada ya tura ko sisi.