Masu tifa na yankin Wudil da Gaya, a kula da wani mai gyaran jak

Tun jiya nake rubutawa ina gogewa saboda kunya, amma gara in faɗa. Naira 185,000 mutumin nan ya cinye mini. 185,000, a wannan marra!

Tifata da ke ɗibar yashi a kogin Wudil ce jak ɗinta ya fara zubar da mai, in an ɗaga bodi sai ya dinga saukowa da kansa. Shekara 14 nake harkar nan, don haka masu cewa "Alhaji ai kai ka yi sakaci" su dakata, ba a banza na yarda ba. Da mai gyaran ya zo sai ya goge sandar jak ɗin da tsumma, ya bi ta da farce, ya ce "Alhaji taɓa nan." Na taɓa, na ji kaushi. Ya ce sil, wato robar da ke hana mai zuba, ko na zinare aka sa, kaushin nan sai ya yanka shi. Kuma gaskiya ce fa! Wannan "Alhaji taɓa nan" ɗin ce ta cuce ni, har yau in na kwanta ita nake ji.

120,000 na sil wai daga kasuwar Kofar Ruwa ta Kano, 65,000 na goge sanda da man hayidirolik. Au, kafin nan ma sahu ɗaya muka yi azahar, na ba shi abinci ya ce a bar wa yara. Duk tiransfa na yi, hoton alat ɗin na nan, zan ɗora anjima in caji ya samu.

Ranar da ya ce ya gama, ko washegari ne, sai ya ce zai gwada da kwamfuresar mai facin bakin titi. Ya ɗaure tiyon da robar tsohon tub, babu kilif. Sandar ta tsaya cak, can sai ta harbo waje kamar an saki gwafa ta daki bango, tiyon ya kuɓuce yana bulala ya samu yaron motata a kunne. Allah ne kawai ya tsare. Wai mai gyaran zai je Kano ya sayo kilif, shi ke nan, waya a kashe.

Wani dattijon bakanike ya buɗe mini jak ɗin, tsofaffin sil ɗina ne aka wanke da fetur aka lafta musu giris. Sandar kuwa ko taɓa ta ba a yi ba. Shi ya ce mini iska matsuwa take ta taru sannan ta saki gaba ɗaya, mai ba ya haka, shi ya sa da mai ake gwada jak.

Kar ku biya sai kun ga sil a ledarsa, kar a gwada muku da iska, kar kowa ya shiga ƙarƙashin bodi ba tokari.

Kaushin ma fa ni na taɓa da yatsana, yana nan har yanzu. 185,000.