Wane Tanti Za Ka Saya Idan Tibesti ko Enedi Ka Nufa?

Yawancin tantunan da ake shigowa da su kasuwannin Njamena da Kusuri an ɗinka su ne domin mutanen da ruwan sama ke damu. Shi ya sa da zarar ka taya, abin da mai shago zai fara nuna maka shi ne lambar da ke jikin jakar, milimita 2,000 ko 3,000, wato ƙarfin yadin wajen hana ruwa ratsawa. Lambar ba ƙarya ba ce. Amma wanda zai bi ta Musoro ya ratsa yashin Jurab zuwa Faya, ya haura Zuwar ko Bardai a duwatsun Tibesti, ko kuwa ya bi ta Abeche da Kalait zuwa Fada a tudun Enedi, duk a arewacin Chadi, ba ita ce damuwarsa ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da tafiyar take da daɗi, da wuya ka ga ɗigon ruwa. Iska da ƙura da sanyi su ne za su hana ka barci, kuma da su ya kamata ka auna duk tantin da aka shimfiɗa maka.

Sanyin shi ne mutanenmu suka fi rainawa, don an saba jin Sahara a ce zafi. Emi Kusi na Tibesti, dutsen da ya fi kowane tsawo a duk faɗin Sahara, ya kai mita 3,415, kuma duk mita dubu da ka hau, zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6. Ga sama tas babu gajimare, iska kuma a bushe, saboda haka da rana ta faɗi zafin da duwatsu suka sha sai ya gudu nan da nan. A Disamba da Janairu, can sama, ruwan butar alwala yana kwana ya zama ƙanƙara. Bardai kanta, wadda ke wajen mita 1,000, ba ta wasa da asuba. Enedi ba ta kai wannan tsawon ba, ƙololuwarta wajen mita 1,450 ce, sanyinta da sauƙi, amma iskarta ba ta da sauƙi. Iskar arewa maso gabas tana matsuwa ne tsakanin Tibesti da Enedi, ta ƙara gudu, ta faɗa kwarin Bodele ta kwashi ƙura. Hazon hunturu da ke rufe Marwa da Garwa da Kano, kaso mai yawa daga nan yake tasowa. Wanda ya kafa tanti a wannan yanki, a bakin mafarin ƙurar ya kwana.

Mafi arha, kuma wanda ya fi cika kasuwa, shi ne ƙaramin tanti mai siffar ƙoƙo da sanduna biyu na faiba da ke gicciye a sama. Ba shi da nauyi, mutum ɗaya zai kafa shi cikin mintuna kaɗan, kuma yana tsayawa da kansa ko ba a buga turke ba. Rauninsa yana cikin sandar. Faiba idan ta sha rana ta sha sanyi, ranar da iska ta danne ta ba lanƙwasa take yi ba, tsagewa take yi a tsaye, tsinin ya huda hannun yadin da take ciki. Wanda zai kwana biyu ko uku a gindin duwatsun Enedi, a bayan mota, zai iya lallaɓawa da shi. Zuwa Tibesti kuwa, ban ba kowa shawara ba.

Ɗan'uwansa shi ne wanda ake jefawa sama ya buɗe da kansa, irin wanda tantunan samfurin Quechua suka yi suna da shi. Yana burge mutane a kasuwa. Idan an naɗe shi sai ya zama faffaɗan faifai da ba ya ɗauruwa a kan jaki ko raƙumi, sandar kuma a cikin ɗinki take, idan ta karye a daji magana ta ƙare.

Wanda na fi amincewa da shi ga yawancin matafiya shi ne mai siffar ƙoƙon nan dai, amma da sandar alminiyam, gajere, mai hawa biyu, wato rigar waje da ta ciki. Alminiyam idan ta ji wuya lanƙwasa take yi, a miƙe ta, a zura mata ɗan guntun bututu a naɗe da salatif, a ci gaba da tafiya. Gajartar ma alheri ce. Mutum yana son tantin da zai miƙe tsaye a ciki ya sa riga, amma duk taƙin da aka ƙara a tsawo, iska ce aka ƙara wa wurin kamawa. Wanda zai ba ka damar zama ka yi sallar zaune idan guguwa ta tsare ka ya wadatar.

A nan akwai abin da masu saye da yawa ba sa dubawa, kuma shi ne ya fi raba tanti da tanti a wannan ƙasa: hawan ciki. Buɗe rigar waje ka ga abin da ke ƙarƙashinta. Yawancinsu raga ce daga sama har ƙasa, irin ta gidan sauro. A bakin kogin Logon ko a Tafkin Chadi wannan ni'ima ce. A Borku, yankin Faya, azaba ce, domin ƙurar can gari ce mai laushi, ragar ba ta ko san ta wuce ba. Iska za ta shigo ta ƙarƙashin rigar waje, ta tankaɗe maka ita a fuska dare farai, ka tashi haƙora na ƙaras-ƙaras, ga mura. Nemi wanda hawan cikinsa yadi ne rufaffe, da 'yar taga ta raga wadda ake iya zuge mata marfi. Irin wannan yana riƙe ɗumi ma fiye da mai raga. Ka duba kuma rigar waje ta sauka har ƙasa. Wasu suna da leɓatu a gindi da ake ɗora wa yashi ko duwatsu, an yi shi ne don dusar ƙanƙara, sai ga shi ya dace da mu. Idan naka ba shi da shi, telan da ke ɗinka tamfol ɗin motoci zai ƙara maka, kuɗin ba yawa.

Sama da wannan akwai na masu hawan manyan duwatsu, mai sanduna huɗu ko biyar da ke sarƙe da juna a wurare da dama. Shi ne sarkin iska, babu gardama. Yana da tsada, da wuya ka same shi sabo a nan, sai a gwanjo ko wurin masu kai baƙi yawon buɗe ido idan suna sabunta kaya. Wanda zai kwana a bakin ramin Emi Kusi ko a tudun da ke kusa da dutsen Tuside da Ramin Kanwa, inda babu abin da zai kare shi, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Wanda iyakarsa Gelta ta Arshe, wani tafki a cikin duwatsun Enedi, da tafkunan Unianga, ɓarnar kuɗi ce. Mai siffar rami mai tsawo kuwa, wanda Turawa ke so, yana da fili a ciki amma ba ya tsayawa sai da turaku, kuma ƙasar can ko dai dutse ne da turke ba ya shiga, ko yashi da turke ba ya kamawa. A bar shi.

Sai tantin kanfas, na auduga mai kauri, irin na soja da na ma'aikatan hanya. Wanda zai zauna wuri ɗaya makonni ko watanni, ɗan kasuwa ne ko mai aikin rijiya ko wanda neman zinariya ya kai shi arewa, wannan ne nasa. Kanfas yana numfashi, da rana ba ya zama tanda kamar na leda, da dare yana riƙe ɗumi, ba ya kaɗawa da ƙara, rana kuma ba ta cinye shi da wuri. Wannan batu na rana ba ƙarami ba ne: a kan tudu haskenta ya fi kaifi, yadin nailan da aka bari a kafe wata da watanni yana ƙonewa har ya riƙa yagewa da ɗan yatsa. Foliyesta ta fi nailan juriya, kanfas ya fi su duka. Aibinsa nauyi. Babba na iyali da sandunansa na ƙarfe ya kai buhun siminti ko ya fi, sai mota, kuma mutum ɗaya ba ya kafa shi cikin iska. Idan gwanjo ne, shinshina shi. Warin ruɓa na nufin an naɗe shi da danshi, zaren ya mutu.

Direbobin manyan motoci za su yi dariyar duk wannan lissafi, su ce tamfol da igiya sun ishe su. Suna da gaskiyarsu. Tamfol da aka ɗaure daga jikin mota zuwa ƙasa, ta gefen da iska ba ta bugowa, yana ba da inuwa da kariya, ga arha, ga shi ana samunsa ko'ina. Ni ma ina ganin ko kana da tanti ka riƙe tamfol don inuwar rana. Abin da ba ya yi shi ne rufe ƙasa. Kunama tana son ɗumi, tana son ƙarƙashin tabarma da cikin takalmi. Tanti mai shimfiɗa a ɗinke da zif da ke rufuwa ruf yana raba ka da ita. Tubawa, masu ƙasar, da tabarmin kaba suke rufa bukkokinsu a kan ƙirar itace, iska na ratsawa a hankali ba ta ɗauke su. Gini ne mai hikima, amma na mai zama ne da ya san inda zai samo kayan, ba na baƙo mai wucewa ba. Tantin da ake ɗaurawa a saman Land Cruiser kuma ya raba ka da kunama, sai dai ya miƙa ka ga iska, ya ƙara wa mota nauyi a sama a hanyar da take tangaɗi, kuma duk inda mota ta tsaya nan ya tsaya.

Kada kuɗin ya ƙare a tanti. Tanti iska yake tarewa, ba shi ke ɗumama mutum ba. Idan kuɗinka ƙayyadadde ne, gara matsakaicin tanti da shimfiɗa mai kyau da tanti mai tsada da tabarma ɗaya. Ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki. Katifar da ake hurawa tana da laushi, amma ƙaya ɗaya ta gama da ita, kuma ƙaya ba ta ƙarewa a hanyar. Siririyar katifar roba mai tauri wadda ake naɗewa ba ta fashewa, ba ta shan ruwa. A ɗora bargo a kai. Jakar barci kuwa, masu kyau suna zuwa da lambobi uku. Ta farko ita ce sanyin da za ka yi barci cikin daɗi, ta biyu iyakar da za ka jure a dunƙule, ta uku wadda ake bugawa da manyan baƙaƙe ita ce wadda ba za ka mutu ba kawai. Mai shago ta ukun zai nuna maka. Kai duba ta farko: don Enedi wajen digiri 5 ya yi, don tudun Tibesti a nemi ƙasa da sifili, kamar 5 ƙasa da shi. Mai gashin agwagwa ta fi ɗumi da rashin nauyi, kuma tsoron jiƙewa da ake yi mata bai taso ba a nan. Mai audugar roba ta fi arha da jure wanki. Mai mota zai iya haɗa jaka matsakaiciya da barguna biyu ya wuce wurin. Rawani da safa su kwana a jiki.

Abu ɗaya ba ya cikin zaɓi: kaskon gawayi ba ya shiga tanti. Na san shayi, na san sanyin asuba, na san yadda zuciya ke raya wa mutum ya ja shi ciki ya zuge zif. Gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci, barcin da ba a tashi. Tantin da na ce ka saya, rufaffe mai leɓatu, shi ne ya fi haɗari a wannan. A dafa a waje, a bayan dutse. Mai amfani da ƙaramar tukunyar gas ya sani butan zalla ba ya tashi idan sanyi ya kai sifili, a nemi mai gauraye da furofan, ko a kwana da tukunyar cikin bargo. Ruwa kuma a mita 3,000 yana tafasa tun yana wajen digiri 90, wake da shinkafa za su ja lokaci.

Ranar saye, kada ka karɓi tanti a jaka. Ce wa mai shagon, "Alhaji, a kafa mini shi in gani." Idan ya ƙi, akwai dalili. Ƙirga sandunan, ja robar da ke cikinsu, ɗaga shimfiɗar ka kalli rana ta cikinta ko akwai huji. Shiga ka kwanta, domin "mutum biyu" da aka rubuta na nufin biyu kafaɗa da kafaɗa babu kaya. Ku biyu ku sayi na mutum uku. Sannan zif, wanda shi ne ke fara mutuwa a yashi. Mai manyan haƙora ya fi siriri. A hanya kada a shafa masa mai ko man shanu, yashi zai liƙe ya ci kan zif ɗin; tsohon buroshin haƙori ya isa, kuma idan ya fara buɗewa ta baya, a ɗan matse kan da filaya a hankali. Riƙe kawuna biyu na ajiya da allura da zare mai ƙarfi.

Turakun da ke zuwa cikin jaka, 'yan siraran wayoyin nan, ba su da amfani a can. Kai wa maƙeri rodi ya yanka maka guda takwas ko goma, kowane kamar kamu ɗaya, ya lanƙwasa kan. A yashi mai laushi, cika ƙananan buhuna ka ɗaure igiya ka binne su. A kan fa, ɗaure igiyar a ƙaramin dutse ka danne da babba. Ƙara igiya mita 20 a kan wadda aka ba ka. Wurin kafawa kuma, bar wa ɗan jagora ya zaɓa. Cikin busasshen kwari yana da laushi da lafawar iska, amma sanyi can yake taruwa da dare, kuma a watannin ruwa ambaliya tana zuwa daga ruwan da ya sauka a dutsen da ba ka ko gani. Sannan yaƙin Chadi da Libiya, wanda ya lafa a 1987, da rikice-rikicen da suka biyo baya sun bar nakiyoyi binne a sassan Tibesti da Borku da Enedi, ba duka aka tone ba. Inda Batube ya ce a tsaya, nan za a sauke kaya, ko da ka hango wani wuri can gefe da ya fi kyan shimfiɗa.