Garin furobayotik na kemis: wa yake yi wa amfani?

A kemis-kemis na garuruwa irin su Ringim, Gumel da Dambatta ana samun wasu 'yan fakitin gari da ake kira furobayotik, wato ƙananan halittu masu rai da ake sha don su taimaki hanji. Wanda muka fi yarda da shi a cikinsu shi ne mai ɗauke da Saccharomyces boulardii, miligiram 250 a kowane fakiti. Yis ne mai rai, dangin wanda ake kwaɓa burodi da shi, kuma wani Bafaranshe mai suna Henri Boulard ne ya gano shi a 1923.

Inda ya fi amfani shi ne gudawar da ke biyo bayan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoxicillin ko Ampiclox. Waɗannan magunguna ba sa tantance mai kyau da mugu, har ƙwayoyin da ke taimakon hanji suke kashewa, sai ciki ya ɓaci. Shi kuwa yis ba sa taɓa shi, don haka ana iya shan su tare. Furobayotik ɗin da aka yi da Lactobacillus, wata ƙwayar bakteriya, ba haka yake ba, sai an bar tazarar awa 2 tsakaninsa da maganin. Amma fluconazole da nystatin, magungunan cututtukan fungas, suna kashe yis, haɗa su asarar kuɗi ce.

Ana shan fakiti ɗaya safe, ɗaya yamma, kamar kwana 5, ko har maganin da likita ya rubuta ya ƙare. A zuba garin a ruwa kaɗan wanda aka tafasa ya huce, a shanye nan take. A nan iyaye mata suka fi yin kuskure: sai a juye shi cikin koko ko shayi mai tururi. Zafin da ya haura digiri 50 yana kashe yis ɗin, yaro ya sha gari kawai. Ajiya ma haka. A watan Afrilu zafin Jigawa kan wuce digiri 40, shago mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Kada a sayi wanda aka jera a taga, ko wanda garinsa ya dunƙule saboda danshi. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Ga yaro mai gudawa, abin da garin nan yake ragewa bai wuce kamar kwana ɗaya ba, kuma ba ya mayar da ruwan da jiki ya zubar. Abin da ke ceton rai shi ne ORS, fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a zubar da ragowar bayan awa 24, da zinc miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Maigida, in kuɗin hannunka kaɗan ne, fara da waɗannan biyun.

Masu tallar cewa yana warkar da basir, gyambon ciki ko taifot, ba gaskiya suke faɗa ba. Kada a ba mai ƙanjamau da ya yi nisa, ko mai karɓar maganin cutar daji, ko bakwaini, ko yaron da tamowa ta kwantar, sai da izinin likita, domin yis ɗin kan iya shiga jini. Jini a bayan gida, zazzaɓi mai zafi, idanu da suka zurma, ko gudawa mai kama da ruwan shinkafa a damina, wannan ba aikin kemis ba ne, a garzaya asibiti.