Gargaɗi kan mai sayar da "IP na dindindin" da VPN ga masu kyamara a yankin Auyo da Kafin Hausa

Jama'a, musamman masu injin casar shinkafa, masu gonar kaji da masu shagon taki a yankin Auyo, Kafin Hausa har zuwa bakin Haɗeja, akwai wani matashi da ke yawo da jaka da kwamfuta yana kiran kansa injiniyan intanet. Abin da yake sayarwa shi ne "IP na dindindin", wato lambar adireshin na'ura a intanet wadda ba ta canzawa, da VPN, wato manhajar da ke bi da intanet ɗin mutum ta keɓaɓɓiyar hanya, wai don mutum ya riƙa kallon kyamarorin wurin sana'arsa daga duk inda yake. Naira dubu 85 yake karɓa. Dubu 85 a kan lambar da ba ta da farashi ko na sisi. A wurin wani dattijo mai injin casa kuwa bai tsaya nan ba, sai da ya haɗa dubu 140.

Mu da muke sana'ar haɗa kyamara da sola a yankin nan ranmu ya ɓaci matuƙa, kuma kunya ta kama mu, don da rigar sana'armu aka cuci bayin Allah.

Ga yadda ya yi wa Alhaji, dattijon mai injin casa. Ya zauna a benci cikin ofishin injin, ya karɓi wayar Alhaji, ya haɗa ta da waifai na rautar da ke wurin, wato na'urar da ke raba intanet, ya rubuta 192.168.1.64 a manhaja, sai hoto ya fito. Ga buhuna, ga sikeli, ga yara suna loda mota. Ya miƙa wayar da hannu biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi nan. Wannan lamba taka ce kai kaɗai, ko Makka ka je da ita za ka ga injinka." Alhaji ya ɗaga kai ya ga ɗansa yana wucewa ta tsakar fili, ya sunkuya ya gan shi a waya yana wucewa. Nan take ya tura dubu 85. Wa zai ga haka da idonsa ya yi gardama? Abu yana motsi a gabanka, yana motsi a tafin hannunka, kuma mai nunawa ya durƙusa yana ce maka ranka ya daɗe.

To ku saurara da kyau. Duk lambar da ta fara da 192.168 ta cikin gida ce. Haka duk wadda ta fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31. An ware su ne don na'urorin da ke kan rauta ɗaya su yi magana da juna, ba sa fita intanet, kuma kowa yana iya sa wa na'urarsa irin su kyauta cikin minti ɗaya. Ita 192.168.1.64 ɗin ma ko wahalar ƙirƙirarta bai yi ba, lambar da kyamarorin Hikvision ke fitowa da ita ce daga masana'anta. Ita ya rubuta a rasit da biro, ya buga hatimi, ya karɓi dubu 85. Rasit ɗin mai gonar kaji da ke kan hanyar Kafin Hausa ma ita ce a jiki, 192.168.1.64, shi ma dubu 85. Na mai shagon taki ita ce dai. Mutum uku, lamba ɗaya, kowa an rantse masa tasa ce shi kaɗai. Hotunan rasit ɗin uku suna hannunmu, za mu ɗora su a ƙasa da zarar mun rufe sunaye da lambobin waya.

Kada wanda ya zo nan ya ce dattijon nan bai yi bincike ba. Ya yi. Kafin ranar, ɗansa ya kira mu a waya ya tambaya ko da gaske akwai wani abu IP na dindindin, kuma ko ana biyan kuɗinsa. Muka ce akwai, kuma ana biya. Har gobe amsar ke nan, gaskiya ce. Sai dai kamfanin da ya ba ka intanet shi kaɗai ke da ikon ba ka shi a kan layinka, yawanci a tsarin 'yan kasuwa, da takardar kamfanin, kuɗin kuma asusun kamfanin yake shiga. Babu wani mai jaka da zai ciro shi daga kwamfutarsa. Yaron nan kalmomin da yake faɗa duk na gaske ne, shi ya sa ya wuce. Ya san sunan kowace ƙofa, wato lambobin mashigar da bayanai ke bi su kai ga na'ura, ya ambaci 8000, ya ambaci 554, wanda ya ji shi zai ce ya san aiki.

Daga baya ne ya ƙara karɓar dubu 40 da sunan VPN. Alhaji ya tafi Kano, ya buɗe waya a masauki, allo baƙi ƙirin. Ya kira yaron, shi kuma ya ce ai sai da VPN, dama ya so ya faɗa tun farko. Ban da wannan ma akwai dubu 15 da ya karɓa a hannun ɗan Alhaji da sunan rajistar lambar, ɗan ya ce ranar da aka sa kyamara ta huɗu ne, Alhaji ya ce bayan dawowarsa ne, amma dai alat ɗin banki yana nan, dubu 15. Haɗa da 85, haɗa da 40, dubu 140 ke nan. Abin da ya sa a wayar kuwa wata manhajar VPN ce ta kyauta mai cike da talla, irin wadda yara ke saukewa su nuna kamar suna Jamus ko Amurka.

Irin wannan VPN aikinsa fita ne. Yana ɗaukar zirga-zirgar wayarka ya bi da ita ta saba, wato kwamfutar da ke hidima wa wasu na'urori, a wata ƙasa, shafukan da ka shiga su ga adireshin can. Ba shi da wata hanya da zai shigar da kai cikin rautar injinka a Auyo. Abin da ya ƙara wa Alhaji kawai shi ne waya ta yi nauyi, manhajar bankinsa ta fara ƙin buɗewa. VPN ɗin da ke shigar da mutum gidansa daban ne, shi ne wanda ake kafa sabarsa a cikin gidan, kamar manhajar WireGuard da ke sauraro a ƙofa ta 51820 ko OpenVPN a 1194. Shi kuma dole sai ana iya samun rautarka daga waje.

A nan ne matsalar take, kuma ita ce ya ɓoye. Rautar da ke aiki da layin waya na gama-gari, wadda kusan ita ce intanet ɗin kowa a ƙauyukanmu, galibi ba ta da adireshin waje nata na kanta. Kamfani yana tara masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa da zaure ɗaya: kowa na iya fita ya dawo, amma baƙon da ya tsaya a ƙofar zaure ba shi da yadda zai san ɗakin da zai nufa. A irin wannan layi, ko ka buɗe ƙofa 8000 a rauta babu abin da zai shigo. Ko ka yi rajistar suna a No-IP ko DuckDNS, shafukan da ke liƙa wa adireshinka suna, ba zai yi ba, don su maganin adireshi mai sauyawa ne: idan kana da adireshin waje na gaske amma yana canzawa duk sanda wuta ta ɗauke rauta ta sake tashi, sunan zai riƙa bin sabon adireshin. Wanda ba shi da adireshin waje kwata-kwata ba su da abin yi masa. Hatta Starlink, intanet na tauraron ɗan adam da ya shigo Najeriya a 2023, tsarinsa na gida a bayan CGNAT yake.

Gane wannan ba ya ɗaukar minti biyar. Ka shiga shafin rautarka, ka duba adireshin da aka rubuta a gaban WAN. Sannan ka tambayi Google adireshin IP ɗinka kana kan waifai ɗin. Idan lambobin biyu sun bambanta, ko ta rautar ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan CGNAT. Mun duba ta injin Alhaji, da 10 ta fara. Tun ranar da yaron ya zauna a bencin nan ya miƙa waya da hannu biyu ya san ba za ta yi ba. Ya sani, ya karɓi dubu 85.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne na ƙarshe. Da Alhaji ya matsa masa, sai ya zo ya kunna Hik-Connect, manhajar Hikvision ta kallon kyamara daga nesa, hoto ya fara zuwa daga nesa, ya ce IP ɗin ne ya gama kamawa. Hik-Connect kyauta ne. Akwatin naɗar hoton ne ke fita da kansa ya haɗu da sabar kamfanin, shi ya sa CGNAT ba ya hana shi, ba ya buƙatar IP na dindindin ko VPN. Kunna shi ake yi a saitin akwatin, a sa lambar tantancewa, a ɗauki hoton lambar QR da waya, shi ke nan. Amma na'ura ɗaya asusu ɗaya take ɗaurewa, kuma a asusunsa ya ɗaure ta, ya ba Alhaji izinin kallo kawai. Wato shi ne mai kyamarorin a wajen manhajar. Yana iya ganin inda ake ƙirga kuɗi, da lokacin da mai gadi ke kwanciya, da yawan buhunan da ke sito. Kalmar sirrin akwatin ma bai bar wa kowa ba. Sai da aka bi ta hannun dilan da ya sayar da kayan aka sauya kalmar sirrin da manhajar SADP ta Hikvision, sannan aka kwance na'urar daga asusunsa ana kan rauta ɗaya da ita. Yanzu layin yaron a kashe yake, asusun da aka tura wa kuɗin kuma sunan wata mace ne a jiki. Hoton alat ɗin guda uku da saƙonnin murya da ya riƙa turowa duk za mu sa.

Wanda yake son shiga na'urorin gidansa daga nesa da gaske, ba kyamara kaɗai ba, manhajojin Tailscale ko ZeroTier suna aiki a bayan CGNAT kuma suna da tsarin kyauta na amfanin kai. Ana dai buƙatar wata ƙaramar kwamfuta da za ta zauna a kunne a wurin, a kan batirin sola tare da rautar. Ko a yi hayar ƙaramar saba ta wajen dala 5 a wata, a kafa WireGuard a kanta, rautar gida ta riƙa fita tana haɗuwa da ita. Ku kuma kula da data: kyamara ɗaya mai gudun megabit 2 tana cin kusan megabait 900 a awa, don haka a waya ku zaɓi ƙaramin hoto.

Duk wanda zai gwada maka kallon nesa, kashe waifai, ka kunna datar wayarka, ka fita bakin titi ka gwada kafin ka biya ko naira ɗaya. Asusun kyamara da lambar wayarka za a buɗe shi, kalmar sirri kai za ka sa. Wanda yaron nan ya taɓa wa kyamara ya cire kebul ɗin intanet daga bayan akwatin naɗar hoton yau ɗin nan, ya tattara rasit da alat ya kai wa bankinsa da ofishin 'yan sanda mafi kusa.