Gashaka-Gumti: ra'ayina kan wanda ya shirya mana tafiya da masu gadin dajin

Jama'a duk mai niyyar zuwa Gashaka-Gumti yawon ganin namun daji, ya fara cire Yankari daga ransa, domin ba irinsu ɗaya ba ko kaɗan. A Yankari mota za ka hau a zaga da kai ka dawo ka yi wanka a Wikki, nan kuwa ƙafarka ce motarka. Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, a 1991 aka haɗe Gashaka da Gumti suka zama ɗaya, kudancinsa a Taraba arewacinsa a Adamawa, ga iyakar Kamaru nan kusa.

Mu wani bawan Allah ne mai harkar kai mutane yawon buɗe ido ya shirya mana komai tun daga Jalingo, ta Bali har Serti inda hedikwatar dajin take. Gaskiya ta wajen izinin shiga da masauki ya yi ƙoƙari, ba mu sha wahalar jira ba, kuma shi ya dage sai mu zo da rani tsakanin Disamba da Maris, wai da damina koguna kan cika hanya ta yanke, wannan shawarar kaɗai ta biya kuɗinsa. Inda ya ɓata min rai biyu ne. Motar da ya kawo ba ta hawan dutse ba ce, sai da muka nemi Hilux da kuɗinmu, sannan tun a waya ya yi ta cika baki wai dole mu ga birin cimfanzi. Haba malam, dabbar da masu bincike suka fara bin sawunta a Kwano, wani wuri can cikin dajin, tun wajen shekarar 2000 kuma sukan yi kwanaki ba su sa ta a ido ba, ta yaya za ka yi wa baƙo alkawarinta? Sheƙarsu muka gani a kan bishiya, wadda suke haɗawa da ganye su kwana, kuma wallahi ko ita ta isa abin kallo.

Amma masu gadin dajin, kai, Allah ya saka musu da alheri. Wanda aka haɗa mu da shi ɗan yankin ne, Hausa da Fulatanci duk yana ji, yana tafe sai ka ga ya tsaya cak ya nuna ƙasa ya ce ɓauna ta wuce nan da asuba, ko ya ɗaga hannu mu yi shiru can sai ga biran nan masu baƙi da fari da doguwar jela suna tsalle a saman bishiyoyi. Shi ya kai mu kogin Mayo Kam inda dorina take, ya hana mu matsawa bakin ruwa saboda kada. Mun ga gwaggon biri da yawa, mun ga mazo da gadu, tsuntsaye kuwa ba a magana, nau'insu ya haura 500 a dajin. Aikin mutanen nan ba wasa ba ne, da mafarauta suke fama da masu sare itace da masu haƙar ma'adinai, kuma tun 2017 da ƙungiyar Africa Nature Investors ta shigo tana aiki da hukumar gandun an ƙara ɗaukar 'yan gari aikin gadi. Don Allah in ka je ka sallame su da kyau, sun cancanta.

Ka riƙe tsabar kuɗi a hannu don netiwok ɗauke wa yake da an nutsa ciki, ka zo da takalmi mai ƙarfi, gidan sauro, maganin zazzaɓi, riga mai dogon hannu saboda tsando, da rigar sanyi don dare akwai ɗari sosai. Ka kuma tambayi halin tsaron hanya kafin ka taso, kar a yi tafiyar dare.

Masu son hawan Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Najeriya mai mita 2,419, wannan shiri ne daban na kwanaki da 'yan dako da abinci, kar wani ya ce maka zai cusa shi cikin tafiyar ƙarshen mako. Mai shirya tafiyar na ba shi 3 cikin 5, masu gadi kuma 5 cif, kuma in za ka yi ciniki da irinsa ka sa ya turo maka hoton motar tukuna kafin ka tura masa ko sisi.