Ajin wasan lissafi na ranar Asabar a Zango

Masu tambayata kan mushen nan da ke koya wa yara lissafi da wasa a unguwar Zango, to ga abin da na gani, dan ɗiyata tana zuwa tun buɗe lakwal. Ba irin ajin da muka saba bane na a cika allo da kalkil a ce ku kwafe cikin kaye. Shi takarda da almakashi yake raba musu, a yanka doguwa a yi ta ninkawa har ta zama mai kusurwa shida, in ka lanƙwasa ta ka buɗe tsakiya sai wata fuska ta ɓullo wadda ɗazu babu ita, wallahi har mu iyaye tsayawa muke kallo.

Wasannin da yawa daga rubutun Martin Gardner yake ɗauko su, wani Ba'amurke da aka haifa 1914 ya rasu 2010, kuma da wannan takardar mai ninkewa ya fara rubuta wasan lissafi a mujallar Scientific American a Disamba 1956, daga nan ya riƙe shafin wata-wata har 1981. Mutumin ma falsafa ya karanta a jami'ar Shikago ba lissafi ba, ina ganin shi yasa bayaninshi baya wahalar da yaro, sai shi Gardner ɗin ya gane abu da kanshi kafin ya rubuta.

Inda mushe ya burge ni sosai shine ranar hatimi. Gida tara, lamba 1 zuwa 9, ko ta tsaye ko ta kwance ko ta karkace jimla 15, yara suka yi ta gogewa suna sakewa har wata ƙarama ta gano dole 5 ta zauna tsakiya. Sannan ya faɗa musu malamin Katsina Muhammad al-Kashinawi ya rubuta littafi kan haɗa irin wannan tun 1732, kenan abin ba baƙo bane a ƙasar Hausa.

Matsala dai ɗakin ya yi ƙanƙanta, in wuta ta ɗauke zafi ba'a magana, kuma takardun da yake bugo musu da faransanci suke, ƙanana sai ya tsaya ya fassara musu lokaci na tafiya. Kuɗin wata bai taka kara ya karya ba. In zaku kai yaro ku sa mishi ruwa da almakashi nashi, na ajin basa isa.