Wane fure mai hawa ya dace da lambunka?

Yawancin masu saye launi ne ke jan su. Su ga tsiro ya yi ja jawur a wurin mai sayarwa, su biya, sai an iso gida a fara tunanin inda zai hau. Ni dai shawarata ka fara duba abin hawan: katangar siminti ce, shingen waya ne, ko rumfa kake so ta yi maka inuwa? Sannan ka tambayi kanka ko ruwa nawa za ka iya ba shi idan ruwan sama ya ɗauke.

Idan wurin yana shan rana kuma ruwa na yi maka wuya, da wahala ka samu wadda ta fi buganbiliya. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, sunan wani Bafaranshe matuƙin jirgin ruwa, Bougainville, aka laƙaba mata bayan masanin tsirran da ke cikin tawagarsa ya gan ta a Brazil a shekarun 1760. Abin nan mai launi da ake kira furenta ganye ne siriri kamar takarda, furen gaske ɗan ƙarami ne, fari, a tsakiya. Tana son rana ta aƙalla awa 6 a yini. Wani hali nata da ke ruɗa sababbin masu shuka shi ne, in ka cika ta da ruwa da taki sai ta yi ta kore shar babu fure, in ka bar ƙasa ta ɗan bushe tsakanin ban-ruwa sai ta ɓarke da launi. Ba ta naɗe abu da kanta, jingina take yi tana saƙala ƙaya, don haka sai ka riƙa ɗaure rassan da igiya. Ƙayar kuwa ba ta wasa ba ce, kada ka dasa ta a hanyar da yara ke guje-guje. Saiwarta ba ta jure taɓawa: ranar dashe ka tsaga ledar da wuƙa, kada ka fizgo tsiron.

Alamanda tana da manyan furanni rawaya masu siffar kakaki, da ganye mai sheƙi. Ta fi buganbiliya shan ruwa, ita ma sai an ɗaure ta. Farin ruwan da ke fita idan an karya reshenta yana sa ƙaiƙayi kuma yana da guba, abin lura ne ga mai ƙananan yara ko dabbobi.

Mai neman ƙamshi da inuwa tare ya nemi kwiskwalis. Furenta na buɗewa fari da yamma, ya koma ruwan hoda, daga baya ya yi ja, har ka ga launi uku a zangarniya ɗaya. Ina ƙaunar wannan tsiro, amma yana da nauyi da saurin girma, kuma yana tsiro da 'ya'ya daga saiwa. Rumfar ƙarfe ko ta katako mai kauri yake so, da almakashin da ba ya hutawa. In wurin ƙarami ne, kamar gefen taga, yasmin ta fi dacewa: ƙamshinta da dare ya isa, kuma tana zama a babbar tukunya.

Antigonon, 'yar asalin Meziko, tana rufe shingen waya cikin ɗan lokaci da ƙananan furanni ruwan hoda, ƙudan zuma na ribibinta. Sai dai tana yin dunƙulen saiwa a ƙarƙashin ƙasa tana kuma zubar da iri, shi ya sa a ƙasashe da dama aka sa ta cikin tsirrai masu mamaye daji. Wanda ba zai iya bin ta da yanka ba ya haƙura da ita.

Wisteriya da ake gani a hotuna da zangarniyoyi masu shunayya tsiron ƙasashe masu sanyin hunturu ne. A wuri mai zafi duk shekara da wuya ta yi fure, wadda aka shuka daga iri kuma tana iya wuce shekara 10 kafin ta fara.

A wurin saye, zaɓi wanda ya riga ya yi fure ko da ɗaya ne, don ka san launin da idonka. Tambayi ko daga reshe aka raine shi, domin na reshe ya fi saurin fure kuma yana ɗauko launin uwarsa. Juya ganye ka duba bayansa ko akwai fararen ƙwari masu kama da auduga. Leƙa gindin ledar: in saiwa ta huda ta kama ƙasa, ɗaga shi zai ji masa ciwo. Gajere mai rassa uku ko huɗu ya fi dogo siriri mai kara ɗaya. Ka kafa abin hawan kafin ka haƙa rami, ramin kuma ya yi nisan kamar santimita 30 zuwa 45 daga katanga, saboda ƙasar da ke gindin gini ta fi saurin bushewa.